Burodin Mai Shayi da Kumburin Ciki

Ƙannenmu ɗalibai, da yawanmu a Kawo da burodin mai shayi ko Indomie muke karyawa. Amma akwai wanda da ya ci, sai ciki ya kumbura, ga gudawa, ga kasala a aji. Wani lokaci laifin gulutin ne, sinadarin da ke cikin alkama. Ga masu cutar siliyak, kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, yana lalata hanji har jini ya ragu.

Mu riƙa rubuta abin da muka ci, mu kai wa likita. Kada mu daina cin alkama kafin gwajin jini, don cutar na iya ɓuya. In ta tabbata, ga tuwon dawa, shinkafa, fura da acca. Hattara da ɗanwake, shi ma ana zuba masa fulawa.