KIRA GA 'YAN TIREDA: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi kira ga 'yan uwana manoma da ƙananan 'yan kasuwa a kan maganar adana takardun sana'a.

Jama'a, sau da yawa za ka ga mutum yana da shago cike da taki da iri da maganin feshi, amma rasit ɗinsa na kaya an ƙunshe gyaɗa da shi, littafin bashi kuwa gara ta cinye rabi. Ranar da ma'aikatan haraji ko na ƙaramar hukuma suka tsaya a ƙofar shago, sai ka ga ido ya raina fata, ana ta rantse-rantse. To, jami'i ba ya karɓar rantsuwa, takarda yake nema. In babu ita, sai ya yanka maka kuɗi da ka, ka biya ko a rufe shago.

Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ta ce naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kai. Wannan sauƙi ne ga irinmu. Amma don Allah ta yaya za ka nuna ribarka ba ta wuce haka ba, in ba ka rubuta abin da ka saro da abin da ka sayar ba? Kuma doka ta nemi a ajiye takardun lissafi har shekara 6, ba wai a zubar da su da an ci kasuwa ba.

Haka nan hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana duba lambar rajista da ranar lalacewar kaya, har da maganin feshi. In aka sami jabu a shagonka, rasit ɗin dilan da ya sayar maka shi ne zai nuna inda kayan suka fito. In babu shi, laifin wani ya hau kanka.

Shawarata ita ce kowa ya sayi littafi biyu masu bangon kwali, ɗaya na shige da ficen kaya, ɗaya na bashi, ya riƙa sa kwanan wata. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami, ko ya sa ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa kowace yamma. Rasit na kowace shekara a haɗa shi wuri ɗaya, a sa a leda, a jefa cikin akwatin ƙarfe, a ɗora a kan benci saboda lema da ɓera. Ita kuwa 'yar takardar POS, rubutunta gogewa yake yi bayan 'yan watanni, sai a yi mata fotokwafi ko a ɗauki hotonta da waya.

Kada kuma a tara komai a shago. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 da ambaliyar Maiduguri a 2024 sun isa darasi. Takardar rajista da ta hayar shago da rasit na haraji, asalinsu ya zauna a gida, kwafi a shago.

In jami'i ya zo, a karɓe shi da mutunci, a nemi ganin katin shaidarsa, a nuna masa abin da ya tambaya. Duk kuɗin da aka biya a karɓi rasit na hukuma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A ƙarshe ina kira ga hukumomi da su riƙa sanarwa da Hausa a gidajen rediyo, su kuma bi ta hannun sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyoyi su faɗa mana takardun da suke so tun kafin su zo. Talaka ba ya ƙin bin doka in an fahimtar da shi.

Allah ya sa mu dace, amin.

Daga wani manomi ɗan tireda,
Ƙaramar Hukumar Bichi,
Jihar Kano.