Mari Ko Langa? Tsokaci Kan Gidajen Gyaran Tarbiyya

'Yan uwa masu karatu, yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, sai ku yi mini haƙuri. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma da hannuna a cikinta dumu-dumu, shi ya sa na ga gara in amayar da ita.

Ƙauyenmu yana arewacin Kano, tsakanin Bichi da Ɗambatta, inda in ka fita daga wannan gona sai ka faɗa waccan, babu daji babu saura. Gonar kakanmu da ta ciyar da gida guda, yau an raba ta gado sau biyu, kowa ya tashi da ɗan abin da zai nome cikin kwana uku. Da an yanke gero da dawa, an cire gyaɗa, an roro wake, shi ke nan, samari sun shiga zaman kashe wando har ruwa ya sauko. Masu ƙarfin zuciya su tafi ci-rani ko dako a kasuwar Dawanau, sauran kuwa su zauna gindin darbejiya, a nan sholisho da tiramadol ke tarar da su.

A nan suka tarar da ɗan yayana, wanda zan kira Ɗanjuma duk da ba shi ne sunansa ba. Yana da shekara 13 mahaifiyarsa ta rasu. Daga nan yaro ya yi shiru, ya daina kwana a gida, ya shiga shaye-shaye. Ranar da ya rotsa kan ƙanensa da taɓarya aka yi taron dangi, aka yanke a kai shi gidan mari. Ban musa ba. Ni ma na biya kuɗin motar. Wata 8 ya yi a can, ya dawo da tabon ƙarfe a idon sawu, ba ya iya kallon fuskar kowa, kuma bai cika kwana 40 ba ya koma ruwa.

Abin da muka gani a ƙafar yaronmu, daga baya duniya ta gani. A 2018 BBC ta nuna matasa ɗaure da sarƙa a Kano cikin fim ɗinta kan kodin, har gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tarin mai kodin da shigo da shi. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, makonni kaɗan bayan haka aka buɗe wani a Daura, kafin shekarar ta ƙare gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe makarantun mari. Madalla. To amma an kwance mari, me aka sa a madadinsa? Yaron da aka tsare a gida ɗaya dare da rana, in ba duka, ba sarƙa, me zai yi tsakanin la'asar da magariba?

Amsata ita ce wasa, kuma na san wasu za su yi dariya.

Bayan likitocin asibitin Dawanau sun ɗora Ɗanjuma kan magani hankalinsa ya ɗan kwanta, sai muka kai shi wajen wani malami a ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, mai riƙon irin waɗannan samari kusan 20, ba ya ɗaure kowa. Karatu suke yi safe da dare, da damina su yi noma. Ni kuwa malamin motsa jiki ne a firamare, sai na roƙi a ba ni yammacin Alhamis da Juma'a in riƙa wasa da su. Malam ya dube ni ya ce, "Malam, ai ba biki aka kawo su ba." Na ce, "Allah gafarta Malam, a gwada wata guda, in sun ƙara lalacewa a kore ni." Ya yi murmushi ya ce in je.

Da langa muka fara, don ba ta bukatar ko sisi. Wanda ya taɓa yin ta ya san kowa zai riƙe ƙafa ɗaya ne yana tsalle da ɗaya, a fitar da mutum guda a ce shi ne ruwa, sauran su zama dawakai masu kare shi har ya kai ya sha. In an ture ka ka saki ƙafa, ka fita. Cikin mako biyu na san yaran nan fiye da yadda iyayensu suka bayyana su. Akwai wanda in an kayar da shi sai ya tashi da dutse a hannu. Akwai wanda ke sakin ƙafarsa da kansa tun ba a taɓa shi ba, don ya riga ya yanke wa kansa hukuncin faɗuwa. Mafi faɗa a cikinsu na mai da shi dokin mafi ƙanƙanta, wato ƙarfin da yake cutar mutane da shi ya zama na tsaron wani. Wallahi ranar da ruwansa ya sha, ɗaga yaron ya yi sama yana ihu kamar an ba shi kujerar Makka.

Amma inda aikin yake shi ne bayan an gaji, an zauna a ƙasa an haƙa gurbin dara. Mu Hausawa mun yi wa kanmu tarbiyyar da yaro ba zai dubi idon babba ya ce ga abin da ke damuna ba. Ka zaunar da shi a kujera ka ce faɗi matsalarka, sai ya ce ba komai, ko da cikinsa na ci da wuta. A dara kuwa ido yana kan gurbi, hannu yana kan tsinke, baki sai ya sami sarari. Muna cikin wasa wata Alhamis, ban tambaye shi komai ba, Ɗanjuma ya ce, "Baffa, ran da Inna ta rasu ciyawar awaki aka aike ni. Da na dawo har an kai ta. Ba wanda ya jira ni." Ya ajiye tsinkensa ya ce, "Kai ne da tafiya." Shekara da shekaru maganar nan tana cikinsa, mun kai shi wajen masu ruƙiyya, mun kai shi gidan mari, babu wanda ya ji ta. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makarar, ban tuna da shi ba.

Kada a ce wannan dabarar Turawa ce, ko da yake su sun mai da ita sana'a mai takardar shaida da albashi. Dandali da kalankuwa da gayya da tatsuniyar kaka, ai aikin da suke yi ke nan tun kafin a sa masa suna. A ƙasar nan ma, tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya gwada a Aro kusa da Abeokuta: ya sauke masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, su je asibiti da rana, su dawo cikin jama'a su yi harkar da kowa ke yi. Mutumin nan har mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya zama, mu kuma shekara 60 bayansa muna sayen kwaɗo da sarƙa.

Ban ce langa tana maye gurbin likita ba. Wanda ke jin muryoyi ko ke neman hallaka kansa, asibiti ne wurinsa, ba fili ba. Kuma ni kaina na yi ɓarna saboda rashin sani. Wata rana na haɗa yara biyu masu gaba a ƙwallo, ina ganin za su shirya, aka tashi ɗaya babu haƙori. Biyu sun gudu ba mu sake ganinsu ba. Da an koya mini yadda ake gane yaron da ya kusa tunzura, da ban yi wannan ganganci ba. Shi ya sa nake ganin aikin nan bai kamata a bar shi a hannun 'yan sa-kai irina ba. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba ta buga ƙwallo. Ga masu takardar koyarwa nan birjik a ƙauyukanmu ba aikin yi. A zaɓi masu haƙuri a cikinsu, likitoci su horar da su, a ba kowane gidan riƙon yara mutum guda da albashi, a sa mata a ɓangaren 'yan mata, don su ma suna da gaɗarsu kuma nasu shirun ya fi na maza tsawo.

Ɗanjuma yana gida yanzu. Yana shan maganinsa, har yau bai yarda ya ci tuwo kwano ɗaya da mahaifinsa ba, amma shi ke riƙe usur ranar Alhamis in ban samu zuwa ba. Makon jiya ya ci ni dara sau uku a jere, ya ce, "Baffa, in dai bari kake yi ina ci, ka daina." Ni kuwa iyakar ƙoƙarina ke nan.