Masu Durƙusar Da Mota A Hanyar Tungan Maje

Duk wanda ya saba bin hanyar Zuba zuwa Gwagwalada, ya ratsa Tungan Maje, ya san motocin da ke mulkin wannan titi: tireloli da tankokin mai da manyan bas masu jigila tsakanin Arewa da Kudu ta Lokoja. To, a 'yan shekarun nan wata baƙuwa ta shigo sahu, watau motar samarin Abuja, wadda aka durƙusar har cikinta na neman shafar kwalta, ƙafafunta kuma sun leƙo waje kamar na kaguwa.

Abu biyu ake yi wa mota kafin ta koma haka. Na farko a cire sifirin da kamfani ya sa, a maye shi da gajere mai tauri, motar ta sauka da kamar milimita 30 ko 40. Na biyu a kawo wani faifan ƙarfe, mai kauri daga milimita 5 zuwa 25, a sa tsakanin wili da mazauninsa, domin tayar ta matso waje. Gaskiya ba ado kawai ba ne. Motar da nauyinta ya yi ƙasa ba ta yawan karkata a kwana, shi ya sa masu tsere a Turai suke yi. Amma fa su a kan fili mai sumul kamar faranti suke gudu.

Abin mamaki, iyayen waɗannan samari kishiyar wannan suka sani. Lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna cikin 1975, abin da ya ɗaukaka 504 a idon jama'a shi ne tsayinta daga ƙasa da laushin sifirinta, ta shiga rami ta fita ba ta ce uffan ba. A wannan shekara ce kuma Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da 504, a kan hanyoyin jar ƙasa da laka. Har yau in mutum ya sayi 'yar Kwatano, sau da yawa bakanike zai ba shi shawara a ɗan ɗaga ta, domin an ƙera ta ne don titunan Jamus ko Amurka. Ashe wani na biyan kuɗi a ɗaga, wani na biyan ninkinsa a sauke!

Mai durƙusasshiyar mota yakan ji daɗinsa muddin yana cikin Maitama ko Asokoro. Ranar da ya sauka daga babban titi ya shiga unguwa a Tungan Maje, musamman da damina sa'ad da ruwa ya zaizaye hanya, ran nan zai san abin da ya saya. Tudun rage gudu kaɗai ya isa ya kankare salansa, dutse ɗaya kuwa ya fasa kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. In man ya tsiyaye direba bai lura ba, inji ya tafi ke nan. Ban da wannan, gajeren sifiri kan gajiyar da shakazoba da wuri in ba a canja su tare ba, yana kuma karkata taya ta riƙa cinyewa ta ciki, inda ido ba ya gani, sai fa an sake saitin ƙafa.

Wannan duk asarar aljihu ce. Inda rai ya shigo shi ne wajen faifan nan. Da zarar an tura taya waje, nauyin mota ya daina sauka daidai kan boris, sai ya riƙa cinsa ta gefe. Mafi muni, faifan yana cinye tsawon ƙusoshin da ke riƙe da wili. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce, noti ya kama zaren ƙusa aƙalla gwargwadon kaurin ƙusar: in milimita 12 ce, ya ci milimita 12, watau juyi kamar 8. Wanda ya sa faifai mai kauri ya bar tsofaffin ƙusoshi, noti na riƙe da juyi 3 ko 4 ne kurum. Akwai kuma faifan araha marar leɓen da ke zaunar da wili a tsakiya, wanda ke sa sitiyari rawa in an taka mota. Tayar da ta fice ana gudu, ga tirela a baya, ga masu talla da 'yan acaba a bakin titi, ba mai motar kaɗai za ta shafa ba.

A Jamus, inda wannan ado ya yi ƙarfi, ba a hawa titi da irin wannan canji sai kayan na da takardar amincewa, ko masu duba motoci irin su TÜV sun gani sun yarda. Nan kuwa, Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa cikin 1988 da jami'an duba lafiyar motoci sun fi sa ido kan taya da fitila da takardu, faifan da ke ɓoye bayan wili kuwa ba ya ganuwa daga bakin hanya. Saboda haka nauyin ya koma kan mai mota da bakanikensa. Wanda ya nace sai ya sa, to, ya sayi faifan da aka yi domin irin motarsa, ya haɗa da dogayen ƙusoshi, a ɗaure da sifana mai awo, ba da tsalle a kan ƙarfe ba. In ya yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, ya koma gareji a sake ɗaure kowane noti.