Zoy Zoy bai cancanci wannan shirun ba

Masu ambaton Tal National, ƙungiyar makaɗan Yamai, kundin Kaani na 2013 kaɗai suke yabo, sai ka ce daga shi aka rataye jita. Wannan rashin adalci ne. Zoy Zoy, kundi na biyu da kamfanin FatCat ya fitar musu a 2015, ya fi na farkon ƙarfin hali: jita da kalangu na tsere, kiɗa na sauya taku a tsakiyar waƙa ba tuntuɓe.

Abin takaicin yana gida. A Birnin Kebbi da Argungu, inda Hausa da Zabarmanci ke cuɗanya a kasuwa kamar yadda suke cuɗanya a bakin mawaƙan nan, masu saka kiɗa a biki Legas suka zuba wa kunne, alhali Yamai ta fi kusa.