WA MUKE YI WA DARIYA?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wannan makon wata gardama ce da ta kaure a gabana a garin Kura, a teburin wani mai shayi da ke kunna wa jama'a talabijin bayan sallar isha'i. An nuno wani ɗan barkwanci shi kaɗai a kan dandamali, yana kwaikwayon baƙauyen da ya shigo birni: yadda yake saka hula a karkace, yadda yake jan magana, yadda ya tsugunna ya gai da mutum-mutumin da ake rataya wa kaya a kanti. Samari sun fi ashirin a kan benci, mafi yawansu ko taɓon gonar shinkafa bai gama bushewa a ƙafarsu ba, amma sai ƙyaƙyatawa suke har da riƙe ciki.

Da wasan ya ƙare sai wuri ya rabu. Wasu suka ce wannan duk lagawu ne, bai dace da ɗan uwa mai kishin addini ba, a kashe akwatin kawai. Wasu suka ce haba malam, mun wuni cikin rana da ruwa, ko dariyar ma sai an hana mu? Wasu kuma can gefe nasu musun daban ne, wai tsakanin marigayi Ibro da Bosho wa ya fi iyawa. Aka yi ta ɗaga murya har mai shayi ya fara haɗa kofuna. Amma babu wanda ya lura da wani dattijo da ke ƙarshen benci, wanda hularsa da harshensa su ne sak abin da aka gama kwaikwaya. Bai yi dariya ba, bai ce uffan ba, ya biya kuɗin shayinsa ya tafi.

Ga masu cewa a kashe akwati, ina jin tsoron sun yi sauri. Addinin nan bai zo don ya ɗaure mana fuska ba. Ya tabbata Manzon Allah (SAW) yana raha da sahabbansa ba tare da ya faɗi ƙarya ba, kuma a cikinsu akwai Nu'aiman wanda ya yi suna wajen barkwanci, ba a kore shi daga jama'a ba. Abin da aka hana a sarari, kamar yadda ya zo a Suratul Hujurat, shi ne izgili da wulaƙanta bayin Allah da jifansu da munanan laƙabi. Ashe kuwa tambayar da ta kamace mu a daren nan ita ce: a kan wa dariyar ta sauka?

Barkwanci ba baƙonmu ba ne. Tun kafin a san talabijin 'yan kama suke tsayawa a kasuwa da gidajen biki, mutum ɗaya da bakinsa, yana kwaikwayon karatun malamai amma duk zancen tuwo da miya ne. Akwai inda suke wuce gona da iri, ban musa ba, amma kowa ya san malamin kwaɗayi suke yi wa habaici. Haka tashe cikin azumi, ana zolayar marowaci da malalaci, Nalako a Kano yana farautar gwagware don su yi aure. A fada ma wawan sarki yakan faɗa wa sarki abin da waziri ba zai iya ba. Da talabijin ta zo, marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, tsohon soja, ya riƙa fito da shirme da fankamar bariki a Kaduna a zamanin da sojoji ke riƙe da ƙasar, talaka ya samu ya yi wa mai kaki dariya a tsakar gidansa.

Wani zai ce ai mu ma muna da wasa tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari. Gaskiya ne, amma wannan wasa ne na a yi maka ka rama, kuma a tashi ana abokai. Baƙauyen da ake yi wa tsiya a talabijin ta ina zai rama? Makaho da mai i'ina da gurgun da ake kwaikwaya, wa ya ba su dandamali?

To me ya sa 'yan barkwancin yau suka fi son taka na ƙasa? Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 2008 wata kotun tafi-da-gidanka a Kano ta yanke wa Rabilu Musa Ibro ɗaurin wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko, mutumin da shi kansa ya taɓa yin aikin gandiroba. An kawo hujjar rashin rajista da rawar da ba ta dace ba, amma jama'a da dama sun ɗauka wata waƙa ce da ake yi wa kallon habaici ga masu mulki ta ja masa. Ba wanke shi nake ba, Allah Ya jiƙansa, shi ma ya sha kwaikwayon ƙabilu. Sannan a watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta sa aka yi wa samari biyu bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu kwana 30, saboda barkwancin da suka yi a TikTok a kan gwamnan wancan lokaci. Duk mai wasa ya karanta darasin: taɓa manya akwai bulala, taɓa baƙauye akwai tafi. Kuma wa ke tafin? Mu.

Abin takaicin ke nan, wallahi. Mu 'yan Kura da Bunkure da Garun Malam, waɗanda tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 ruwansa ke bi ta gonakin iyayenmu, shinkafarmu da tumatirinmu da alkamarmu ke cika tukwanen birni, mu ne za mu zauna muna tafa wa wanda ya mai da manomi abin dariya! Alhali ga abin barkwanci nan jibge a ƙofar gida ba mai taɓawa. Ga ɗan siyasar da zai zo garin shinkafa lokacin zaɓe ya raba wa manomi mudun shinkafa, ya tsaya a ɗauke shi hoto. Ga takin rangwame da ake jin labarinsa a rediyo amma sai a kasuwa ake ganinsa. Ga kwandunan tumatir suna ruɓewa a Kwanar Gafan in kaka ta yi, dillali yana taya su kamar yana ba da sadaka. Mai basirar da zai tsaya ya kwaikwayi waɗannan, da gaskiya ba da ƙazafi ba, zai ba mu dariya har hawaye, kuma mu tashi mun gane wani abu. Ba na ɓoye muku cewa hanyar tana da hatsari, mun ga abin da ya sami wasu.

Ɗan barkwanci ɗan kasuwa ne, abin da ake saye shi yake kasawa. Da can tafi yake saurare, yanzu yawan masu kallo yake ƙirgawa a waya. Mai shayi ma in abokan cinikinsa suka ce a sauya tasha zai sauya, don ba ya son benci ya zama wayam. Ba sai an fasa akwati ba, ba sai an yi wa kowa ihu ba. Ka ƙi tafawa, ka ƙi turawa abokinka, in an tambaye ka dalili ka faɗa cikin ladabi. Kuma na san a cikinku akwai masu bakin da in suka fara labari a majalisa ba mai iya tashi, ga waya a aljihu.

Washegari da sassafe na haɗu da dattijon nan a bakin kanal yana buɗe wa gonarsa ruwa. Na gaishe shi, na ce Baba, jiya na ga ka tashi da wuri. Ya yi murmushi ya ce shi kwaikwayon bai dame shi ba, ya saba ji tun yana kai kaya birni a kan jaki. Abin da ya tashe shi kawai, a cikin masu riƙe ciki akwai ɗansa na fari.