Mun Yi Rashin Mai Jan Mashaya a Jiki

Makon jiya aka yi sadakar bakwai ta wani dattijo maƙwabcinmu a nan Giginyu, Allah ya jiƙansa. Direba ne a wani kamfani a Bompai, fita da asuba, dawowa da magariba, da haka ya aurar da 'ya'yansa duka.

A wurin zaman makoki na ga magidanta uku suna sharɓar kuka. Ashe shi ya raba su da giya. Ba ya yi musu gori. Bayan isha'i, daidai lokacin da ƙafa ke jan mutum Sabon Gari, sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a sha shayi, a yi ta hira har dare ya raba. Wanda hannunsa ke rawa in bai sha ba kuwa, asibitin Dawanau yake kai shi da kansa, domin wanda giya ta kama wa jiki in ya yanke ta rana ɗaya, yana iya kamuwa da jijjiga, har ya rasa ransa.

An ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, an kafa hukumar Hisba a 2003, kwalabe kuwa ana ta farfasawa. Madalla. To, ƙishirwar da ke cikin mutum fa, wa zai fasa ta?

Mu mata ma da laifinmu. Maigida ya shigo yana tangaɗi, mu ce wa yara zazzaɓi ne. Matar ɗaya daga cikin ukun nan ta faɗa mini shekara 6 ta yi tana rufa asiri, sai ranar da ta cire kunya ta yi sallama gidan marigayin sannan mijinta ya fara samun magani.