Taƙaitaccen Labari Ba Ya Maye Gurbin Littafi

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a manyan makarantun sakandare, wadda ya kamata duk mai shirin zama malamin Hausa ya san da ita tun kafin ya riƙe alli. Da zarar jarrabawar WAEC ko NECO ta ƙarato, sai malami ya rubuta wa ɗalibai taƙaitaccen labarin littafin da aka sa musu, ya jero jigo da taurari da salo, su kuma su haddace. Da yawansu sukan shiga zauren jarrabawa ba su taɓa buɗe littafin ba. A ganina wannan cuta ce, ko da ɗalibin ya ci.

A ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar 1933 wadda Rupert East ya shirya a Zariya. Ɗan siririn littafi ne. Mai taƙaitawa zai ce jigonsa bauta ne da cinikin bayi, ya wuce. Ba ƙarya ya yi ba, amma idan aka ce wa ɗalibi ya warware wannan jigo, da me zai kafa hujja? Wanda ya karanta ne kaɗai zai tuna cewa masifar gidan su Umar daga fada ta faro, inda fadawa suka yi wa Makau, mijin mahaifiyarsa, sharrin ɓoye bayi har aka kore shi daga Kagara. Wato hassada ce ta buɗe ƙofa kafin bauta ta shigo. Shi ne kuma zai lura cewa hamada ɗaya uwa da ɗa suka ƙetare, amma Umar ya faɗa hannun Abdulkarim wanda ya riƙe shi kamar ɗansa har ya zama malami, ita kuwa ta sha wuya a hannun masu ita, ba su sake haɗuwa ba sai a Tarabulus, dab da rasuwarta. A nan ne tambayar da ta fi kowace nauyi take: shin marubucin la'antar bauta yake yi, ko kuwa haƙuri da ƙaddara yake koyarwa? Wannan ba abin haddacewa ba ne. Sai an yi ta muhawara a aji.

Haka batun zubi da tsari. Umar ne da bakinsa yake ba almajiransa labari a Rauta, to ta yaya ya san abin da ya sami mahaifiyarsa alhali ba ya wurin? Ɗalibin da ya taɓa yi wa kansa wannan tambaya ya fahimci matsayin mai ba da labari fiye da wanda ya haddace ma'anarsa.

Wasu malamai sukan ce ɗalibai ba su da kuɗin littafi, aji kuma ya cika maƙil. Gaskiya ne. Sai dai kwafi biyar sun ishi aji idan aka raba shi rukuni-rukuni, ana karantawa a bayyane, ana tsayawa ana tambaya. A zana taswira a allo, a sa Kagara da Kano da Murzuk da Tarabulus, yara su ga nisan tafiyar da idonsu. Shekara uku ake yi a babbar sakandare. Ba lokaci ne ya yi ƙaranci ba, jinkirin farawa ne.

A kuma yi hattara da fim. Adamu Halilu ya mayar da wannan labari fim a 1976, kuma nuna shi yana da amfani, amma bayan an gama karatu, domin daga littafi ake tambaya, ba daga majigi ba. Taƙaitawa ma tana da ranarta: makon bita, kuma ɗalibi ya rubuta ta da hannunsa, malami ya duba.